Gwiwar da Ba Ta Cikin Littafin Dokta

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Gudanarwa na ƙungiyar ƙwallon kwandon da na yi wa wasa shekara tara a nan Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Ina kuma yi maka sannu da ɗawainiya, don na san riƙe ƙungiyar ƙwallon kwando a garin da kowa ƙwallon ƙafa ya sani ba ƙaramin aiki ba ne.

Sunana Mukhtar Bala, amma idan aka ce maka Falwaya za ka fi saurin ganewa, tunda kai ma da shi kake kirana. Ni ne kyaftin ɗin ƙungiyar a shekara huɗun ƙarshe da na yi. Sau uku na zo ofishinka tun bayan babbar sallah. Zuwan farko sakatare ya ce kana mitin, na biyu ya ce ka yi tafiya, na uku kuwa ko kansa bai ɗago daga waya ba. Na gaji da hawa benen nan da ƙafar da kuka ce ba ta da kyau, shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani. Ban ambaci sunan ƙungiya ba, kuma ba zan ambata ba. Ni da kai mun san gidanmu.

Ga abin da ya faru, saboda masu karatu da ba su sani ba. A makon da ya biyo bayan sallah aka tara mu a zauren wasa, sakatare ya karanto sunayen waɗanda aka sabunta wa kwantiragi. Ya kai ƙarshen takarda bai kira ni ba. Daga baya ya ja ni gefe ya ce kwamiti ya duba littafin Dokta, an ga sunana sau arba'in da ɗaya a cikin kakar wasa biyu, babu wanda ya zo ko kusa da ni. Don haka an yanke cewa ni mai yawan jin rauni ne, ƙungiya ba za ta ci gaba da ɗaukar nauyina ba. Na ce masa na gode, na kwashe takalmana na fita.

Ba roƙon a mayar da ni na zo yi ba. Shekarata talatin da biyu, na kuma san ba a dawwama a wannan sana'a. Yanzu ina shagon mahaifina a kasuwar Karmo, ina sauko da katan daga saman kanta ba tare da tsani ba, har maƙwabta sun gano amfanina suna aikowa a kira ni. Ina ci ina sha, alhamdu lillahi. Abin da ya hana ni zama lafiya shi ne, cikin waɗanda kuka sabunta wa kwantiragi akwai wanda gwiwarsa ta lalace yana ɓoyewa. Saura mako uku a buga wasan farko, kuma idan ya yi tsalle a kanta yadda take, mai yiwuwa ba zai sake wasa ba har abada. Sunansa bai taɓa shiga littafin Dokta ba ko sau ɗaya. Laifin wannan ɓoyo wani nawa ne, wani naku, kuma zan faɗi kowanne yadda yake.

Na farko, maganar littafin kansa.

Ranka ya daɗe, littafin da kwamiti ya duba ba littafin rauni ba ne, littafin sito ne. Dokta Luka, mai kula da jikinmu, ya buɗe shi ne saboda mai riƙe da sito ya ce ba zai ƙara sakin bandeji ko ƙanƙara ko man shafawa ba sai an rubuta wanda ya karɓa. Gida uku ne a kowane layi: rana, suna, abin da aka karɓa. Babu gidan da ake rubuta abin da ya sami mutum. Wanda takalmi ya yi wa bororo ya karɓi filasta, layi ɗaya. Wanda ya karye, shi ma layi ɗaya. Da wani a cikinku ya kira Dokta Luka ya tambaye shi, da cikin minti biyar ya yi bayani. Ba a kira shi ba. Shi da bakinsa ya gaya mini cewa masinja aka turo ya ɗauki littafin da safe, aka dawo masa da shi da la'asar, sai washegari ya ji an sallame ni.

Na biyu, yadda sunana ya cika littafin. Nan ne wautata take, ba zan kuma ɓoye ta ba.

Shekara uku da suka wuce kuka sallami Bitrus, wani dogon yaro mai ciwon baya da ke zuwa wurin Dokta kusan kullum a gasa masa. Ko me ya sa kuka sallame shi, ku kuka sani. Amma labari ya bazu a cikinmu cewa an hau da littafin sama kafin a yanke hukunci. Tun daga ranar 'yan wasa suka koma tsoron littafin nan kamar sammacin kotu. Mutum zai yi targaɗe a atisaye, ya cije, ya gama, sannan ya biyo ni bayan zaure yana ɗingishi ya ce, “Kyaftin, abeg, karɓo mini bandeji, kar sunana ta shiga buk.” Ni kuma sai in je wurin Dokta in dafe ƙafata, in sa hannu, in kawo masa. Yau wannan, gobe wancan, har abin ya zame mana jiki.

Dokta Luka ba yaro ba ne. Yana gani zan karɓi bandejin idon sawu, bayan minti goma ya hango ni ina rataye a bakin kwando. Sai dai ya girgiza kai. Sau ɗaya ya taɓa ce mini, “Falwaya, wannan abin zai dawo maka.” Na yi dariya na wuce. Ganina shi ne ni kyaftin ne, Shugaba ya san ni, wa zai taɓa ni? Na kuma ɗauka babu mai hankalin da zai yarda cewa mutumin da ya ji rauni sau arba'in da ɗaya shi ne yake cikin fili kusan kowane wasa. Takardun wasannin da na buga suna ofis ɗaya da inda aka buɗe littafin, a durowar da ke bayan sakatare. Ban taɓa tsammanin za a karanta ɗaya a bar ɗaya ba.

Na ɗauka taimako nake yi. Yanzu da na zauna a shago ina da lokacin tunani, na gane ni ne na koya musu cewa rauni abin ɓoyewa ne, na kuma sauƙaƙa musu ɓoyon.

Na uku, raunukana na gaskiya. Uku ne, kuma ina so a san asalin kowanne.

Na farkonsu targaɗe ne a idon sawu, ranar wata Litinin. Kowa a ƙungiya ya san ana bayar da hayar zaurenmu Asabar da Lahadi don biki da walima. Ban ce kada a bayar ba, na san ƙungiya na buƙata. Amma ranar Litinin mu muke tarar da abin da ya rage: ledojin ruwa, tsinken tsire, shinkafa a maƙale tsakanin katakan daɓe, da man jalof. Mu 'yan wasa muke ɗaukar tsintsiya da tsumma kafin koci ya busa usur. A ranar an bar mai a ƙarƙashin kwando, daidai inda aka ajiye kulolin abinci, ba wanda ya lura. Na yi tsalle na diro a kai. Ban halarci bikin ba, ban ci jalof ɗin ba, amma ni na yi mako biyar da sanda.

Na biyun a idon sawun nan ne dai, kuma kai ka fi kowa sanin labarinsa. Ban gama warkewa ba aka zo wasan da in muka faɗi za mu sauka daga rukuni. Dokta ya ce saura mako biyu. Kai ka kira ni a waya da kanka ka ce, “Falwaya, ƙungiya na buƙatarka.” Aka yi mini allura na shiga, muka ci, ka sauko fili ka rungume ni. Hoton yana nan rataye a kan benen ofishinka, na wuce shi sau uku a zuwan da na yi neman ganinka. Abin da hoton bai nuna ba shi ne wata biyun da na yi bayan nan ba na iya durƙusawa sosai a sallah. Ban yi nadamar shiga wasan ba. Abin da ya yi mini ciwo shi ne a juyo a lissafa shi cikin aibina.

Na ukun yatsa ne ya karye da muka yi karo da wani a ƙarƙashin kwando. Wannan ƙaddara ce ta wasa, ba laifin kowa, na ɗaure shi na ci gaba da bugawa. Idan aka cire layukan jinyar ukun nan, duk sauran da ke littafin ƙafafun wasu ne da sunana a kai.

Na huɗu, inda raunukan suka koma.

Na ji an ce kwamiti na murna cewa tun da na tafi littafin ya yi fes, rauni ya ragu a ƙungiya. Ranka ya daɗe, rauni bai ragu ba, mai sa hannu ne ya tafi. Yanzu ba wanda yake kusantar ɗakin Dokta. Yana zaune shi kaɗai da ƙanƙararsa tana narkewa. 'Yan wasanka kuwa suna Gwagwalada duk ranar Juma'a da safe, ranar da ba a atisaye, a gidan wani dattijo mai ɗori da ake kira Baba Tanko. Na taɓa tarar da uku a zaurensa lokaci guda, kowa ya kau da kai yana cewa gaishe da Baba ya zo yi. Mutanen da ba su san hanyar gidan kakanninsu ba, sai ga shi sun zama masu zumunci da tsohon da ba su haɗa komai da shi ba. Abin ya ba ni dariya a lokacin. Ba na raina Baba Tanko, ya san ƙashi, hannunsa kuma yana da albarka. Amma ba kowane ciwo ne nasa ba, shi ma yana faɗa.

Na biyar, wanda na rubuta wasiƙar nan dominsa. Zan kira shi ƙanena, ko da yake ba mu haɗa jini ba.

Wata guda da ya wuce ya same ni a shago da rana tsaka. Ya jira masu sayayya suka ragu, ya shigo ciki ya naɗe wando. Gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙaramar tukunyar ƙasa irin ta garin Ushafa. A atisaye abin ya same shi, kwana kaɗan bayan ya sa hannu. Na ce ya je wurin Dokta. Sai ya zaro takardar kwantiraginsa ya nuna mini sabon sharaɗin da kuka ƙara bana: duk wanda aka samu da rauni kafin wasan farko, za a sauke shi zuwa biyan wasa-wasa, in ya buga a biya shi, in bai buga ba babu, jinya kuma a kansa. Wanda ya ji rauni a cikin wasan gasa ne kaɗai ƙungiya za ta ɗauki nauyinsa. Na fahimci abin da kuke gudu, kada mutum ya sa hannu da tsohon ciwo a ɓoye. Amma wannan a zaurenku ya same shi, ƙarƙashin usur ɗin kocinku. Bara ya yi aure, matarsa na da ciki, ga mahaifiya a ƙauye da ba ta da kowa sai shi.

Na ari akori-kurar shago na kai shi Gwagwalada. A baya yake zama ya miƙe ƙafa, don ba ta lanƙwasuwa a gidan gaba. Baba Tanko ya daɗe yana taɓa gwiwar, sannan ya ce, “Ni ƙashi nake ɗorawa, wannan kuwa ba ƙashi ba ne. A ganina jijiya ce ta tsage, ba ta tsinke ba tukuna. Ku kai shi asibiti a ɗauki hoto.” Ya yarda zai riƙa gasa masa don kumburin ya sauka, amma ya ce gashi ba magani ba ne.

A hanyar dawowa na tsaya shan mai, ƙanena ya leƙo ta taga ya tambaye ni yadda zai yi. Ranka ya daɗe, ga abin da na ce masa, ina kuma jin kunyar rubuta shi. Na ce ya daure. Ya sa robar gwiwa kamar yadda kowa yake sawa, ya riƙa laɓewa a atisaye, ya rage tsalle, har ranar wasan farko. Ran nan ya shiga fili, ya yi minti biyu ko uku, ya faɗi a gaban jama'a ya riƙe gwiwa. Daga nan ciwon ya zama na ƙungiya. Ba ni na ƙirƙiro wannan dabara ba, tsohuwa ce, duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya san ta. Na faɗa masa ne da zuciyar wanda aka ƙona, ina ganin ai ku kuka ja.

Juma'ar da ta biyo baya na gaya wa Baba Tanko shirin, ina tsammanin zai ce mun yi wayo. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, “Kai ne babba, kai ka ba shi wannan shawara?” Ya ce makonnin atisayen da suka rage a kan gwiwar nan sun isa su ƙarasa ta, balle minti ukun wasan gasa, inda wani ƙato zai diro masa a kai. Ya ce abin da za a yi ƙarya a ce ya faru, yana iya faruwa da gaske. Na ga yadda ƙanena yake saukowa daga bayan mota, yana riƙe ƙarfe da hannu biyu yana lallaɓa ƙafa, mutumin da na sha gani yana tashi sama kamar ba shi da nauyi. Na gane na sake yin abin da na yi da littafin, sai dai wannan karon ba kwantiragina ne zai tafi ba, ƙafar wani ce.

Na san da wannan wasiƙa na toshe masa waccan hanya. Daga yau duk wanda ya faɗi a wasan farko za a yi masa kallon maƙaryaci. Da gangan na yi, kuma ban yi a bayansa ba. Na karanta masa ita kafin in aika. Da na gama ya ce, “Kyaftin, in Oga bai yarda ba fa? Ni na shiga uku ke nan.” Na dai ce masa na san ka shekara tara, ban kuma san ka da mugunta ba.

Kada a tara su a jere ana duba gwiwoyi don a gano ko wane ne. In aka yi haka za a samu fiye da ɗaya, sauran kuma za su ƙara ƙwarewa a ɓoyo, daga Gwagwalada su koma inda ni ma ban sani ba.

Ga roƙona, ranka ya daɗe.

Babban roƙon shi ne ka tara su da kanka, ba ta bakin sakatare ba, ka faɗa kuma a rubuta, cewa duk wanda ya kai kansa wurin Dokta Luka kafin wasan farko kwantiraginsa na nan yadda ya sa hannu, ƙungiya kuma za ta kai shi a ɗauki hoto. In za a yi, a yi cikin makon nan, don kowace safiya yana atisaye a kanta.

Sannan a raba littafin sito da na rauni, kuma duk ranar da za a zauna kan kwantiragin wani a kira Dokta ya zauna a ɗakin. Idan za a ce mutum yana yawan jin rauni, a tambaya a ina ya ji, wa ya ce ya dawo fili, ya warke ko bai warke ba. Zauren ma, in an ci biki a cikinsa, a sa masu haya su wanke kafin Litinin.

Ni kaina ba na neman komai. Nawa ya riga ya wuce, kuma na gaji da maimaita shi.

Na taɓa ganinka a ɗan masallacin ofis kana sallah a kan kujera, aka ce mini gwiwa ce. Don haka ba sai na yi maka dogon bayani kan abin da mutum yake rasawa idan ta tafi ba. Kai ta same ka bayan ka gama gina gidanka da sunanka. Shi shekararsa ashirin da 'yan kai, ba shi da wata sana'a sai tsalle.

Juma'a mai zuwa da safe zan sake ɗaukarsa a bayan akori-kura. Hanyar da muke bi zuwa gidan Baba Tanko ta gaban ƙofar asibitin koyarwa take wucewa. Duk zuwan da muka yi sai na rage gudu a wurin, shi kuma ya buga rufin mota ya ce in wuce. Wayata tana aljihuna, lambar da ka kira ni da ita ranar da ka ce ƙungiya na buƙatata ba ta canja ba. In ka kira kafin mu kai ƙofar, zan karya kan mota in shiga da shi. In ba ka kira ba, zan wuce da shi kamar yadda na saba, ranar Litinin kuma ya koma atisaye.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwa, ya ba ka masu gaya maka gaskiya a kwamiti. Allah ya ba ƙungiya nasara a kakar da za a shiga, ya sa duk wanda ya shiga fili da ƙafafunsa ya fito da ƙafafunsa.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Mukhtar Bala, Falwaya,
tsohon kyaftin,
Karmo, Abuja.